Zakin da Ya Saba da Jar Ƙasa: Zuriyar Fijo a Hanyoyin Rano da Kibiya

Ranar da kasuwa ke ci, tashar motar Rano takan cika tun rana ba ta yi zafi ba. Golf da Sharan sun jeru, 'yan kamasho suna ƙwala kiran Kano da Bunkure da Kibiya, mai shayi yana firfita gawayi, mata suna neman inda za su cusa ƙullin kayansu. Wanda ya yi sa'a zai hango, can gefe a inuwar darbejiya, wata tsohuwar Fijo akori-kura. Fenti ya koɗe, an ɗaure murfin bayanta da igiya, buhunan masara sun danne ta har ta durƙusa. Saurayi ɗan shekara ashirin zai wuce ta ko waiwaye babu. Dattijon direba kuwa sai ya tsaya ya dafa bodinta, kamar wanda ya gamu da abokin ƙuruciya.

Dattijon yana da hujjarsa. Motar nan da ake wa lodin masara 'yar gidan zakarun tsere ce. Iyayenta da 'yan uwanta sun lashe gasannin mota mafi wuya da aka taɓa yi a nahiyar Afirka, a kan jar ƙasa da taɓo da kwazazzabai irin waɗanda manomin Zurgu ko na Tarai yake ratsawa kullum. Rano, garin Autan Bawo, ƙasa ce da ta san darajar asalin doki: kafin a yi cinikinsa sai an tambayi uwa da uba. Idan aka yi wa mota irin wannan tambaya, aka bi zuriyar Fijo daga 403 zuwa 404, 504, 505 har 406, za a ga cewa kowane sabon zubi ya zo da riba, ya kuma tafi da wani abu. A wurin da kwalta ke ƙarewa da zarar an sauka daga babbar hanya, nan ne aka fi ganin ribar da asarar ƙarara.

Gidan da zakin ya fito

Sunan kamfanin Peugeot, bakin Bahaushe ya mayar da shi Fijo. Iyalin da ke da sunan sun fara sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa a 1810, suna ƙera zarto da sauran kayan aiki, daga baya har da injin niƙa gahawa da kekuna. Tambarin zakin da muke gani a goshin motar an yi masa rajista a 1858, kuma don zarto aka zana shi, wai haƙoransa kaifi ne da su kamar na zaki. Armand Peugeot ne ya shigar da gidan harkar mota a 1889, daga baya garin Sochaux ya zama cibiyar ƙira. A 1929 suka fito da mota mai lamba 201, tun daga nan kuma suka riƙe tsarin lamba uku da sifili a tsakiya.

Wannan sifilin ya taɓa sauya sunan motar tsere mafi shahara a Turai. Kamfanin Porsche na Jamus ya nuna sabuwar motarsa a 1963 da lamba 901. Peugeot ta ce lambobi masu sifili a tsakiya nata ne, sai Jamusawa suka cire sifilin suka sa ɗaya, a 1964 motar ta koma 911. Gidajen biyu sun bi hanyoyi daban-daban wajen raya zuriya. Porsche ta riƙe siffa ɗaya da suna ɗaya sama da shekara sittin: inji a baya, gadon baya mai gangara, fitilu masu zagaye. Ko da ta bar inji mai sanyaya kansa da iska ta koma mai ruwa a ƙarshen shekarun 1990, jikan bai daina kama da kakan ba. Ita kuwa Peugeot, kowane zamani sai ta sauya lamba da fuska, abin da take gadar wa 'ya'yanta shi ne hali: taushin tafiya da juriyar mummunar hanya.

403 da 404: harsashin suna

A 1955 aka fito da 403, wadda gidan zanen motoci na Pininfarina da ke Italiya ya zana. Injinta cc 1468 ne, ba ta da gudu na a zo a gani, amma ba ta gajiya. Ita ce ta buɗe wa Fijo ƙofar Afirka ta Yamma a ƙarshen mulkin Turawa.

Sai 404 ta biyo baya a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami 'yanci. Tana da kafaɗu masu kusurwa da fikafikai a baya, inji cc 1618 da aka kwantar da shi a karkace don goshin motar ya yi ƙasa, giya kuma a jikin sitiyari, abin da ya bar wurin zama a gaba a sake. Ƙarfin inji yana bin farfela zuwa tayoyin baya, farfelar kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kāre ta daga dutse da ƙura. Wannan tsari shi ne sirrin da direbobin karkara suka gane tun ba su san sunansa ba: idan aka loda wa motar kaya a baya, tayoyin da ke tura ta sai su ƙara cizon ƙasa.

An gwada wannan ƙira a gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ke ratsa Kenya da Yuganda da Tanzaniya, dubban kilomitoci a cikin damina. A 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma 404 da Nick Nowicki ya tuƙa ce ta zo ta ɗaya. Bert Shankland ya ci gasar da 404 a 1966 da 1967, Nowicki ya maimaita a 1968. Motocin da suka fi ta ƙarfin inji sun bar ta a baya a farkon tafiya, ta same su a maƙale a taɓo ko sun karya ƙafa. A irin wannan tsere, wanda ya kai gida shi ne gwani. Wannan ma'auni kuwa shi ne na kowane direban da ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin watan Agusta.

504: wadda ta zama 'yar gida

A 1968 aka ƙaddamar da 504, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta gaji tsarin uwarta na tura mota daga baya, ta ƙara da abubuwa uku. Na farko, kowace tayar baya a salun tana motsi ita kaɗai, ramin da ya kama ta dama ba ya girgiza ta hagu. Na biyu, birki mai faifai a duk tayoyi huɗu. Na uku, sifirin da shokazoba masu dogon zango, waɗanda ke haɗiye gargada kamar ana tafiya a kan katifa. Injin ya fara da cc 1796, a 1970 ya ƙaru zuwa 1971. Fitilunta masu kusurwa da ɗan karyewar da ke saman but ɗinta sun sa ko yaro yana gane ta daga nesa.

Daga tushe ɗaya aka fitar da rassa. Akwai salun ta manyan ma'aikata. Akwai doguwar wagon mai jeri uku na kujeru, wadda aka bar mata aksul ɗin baya guda da ƙarin sifirin don ɗaukar nauyi. Akwai akori-kura mai sifirin na falle-falle. Akwai kuma reshen da ba kasafai ake ganinsa a ƙasarmu ba: 504 Coupé mai ƙofa biyu da 'yar uwarta mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda Pininfarina ya zana aka nuna su a 1969. A 1974 aka sa musu inji mai silinda shida, cc 2664. Wannan ita ce motar ƙawa da tsere ta gidan, wadda masu tara tsofaffin motoci a Turai ke rububinta har yau.

Shekarar 1975 ta zama shekarar 504 a fagen tsere. Ove Andersson na Suwidin ya ci Safari da salun, Hannu Mikkola na Finlan ya ci gasar Maroko, aka kuma ci gasar Bandama ta Kwaddebuwa, duk da 504. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama da Coupé mai silinda shida. Duk waɗannan nasarori a ƙasar Afirka aka same su. Ke nan idan tsohon direba a Kibiya ya ce an yi 504 ne don hanyarmu, tarihi yana bayansa.

Daga Liyon zuwa Kano ta sama

A shekarar da 504 ke cin kofuna, ta zama 'yar ƙasa. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara harhaɗa motoci a 1975. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, kaya na wata da watanni ba a sauke ba. Sai aka nemo wata dabara: jiragen sama na kamfanin UTA suka riƙa kwaso sassan motoci daga Liyon a Faransa suna saukewa a filin jirgin saman Kano, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Da yawa daga cikin Fijon da suka yi zirga-zirga a kudancin Kano, ta Kano suka shigo ƙasar nan suna gunduwa-gunduwa.

Zamanin ya dace da ita. Kuɗin man fetur yana shigowa, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata sun sami abin sayen mota, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. A nan gida, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da kewaye. Tumatir da albasa da shinkafa da alkama suka buƙaci abin da zai kai su kasuwa da wuri. Injiniyan noma, malamin gona, hakimi, alƙali, ɗan sanda, motar asibiti, kowa Fijo.

A ƙasar Rano da Kibiya, kowane reshe ya sami aikinsa. Salun ta zama alamar cewa ɗan gari ya zama wani abu a birni. Ranar Sallah idan ta tsaya a ƙofar gida, unguwa ta san wanda ya zo. Wagon ta zama motar haya ta dogon zango, kuma motar kai amarya, ƙawaye a jerin baya, gwaggo da inna a tsakiya. Akori-kura ta ɗauki wahalar: taki zuwa gona, dawa da gyaɗa zuwa kasuwa, awaki da tumaki, itace, kayan ɗaki, wani lokaci har makara. Hanyoyin Rurum da Lausu da Saji, da na Kahu da Durba da Nariya, sun sha ƙurarta.

Abin da ya ɗaure wannan zumunci shi ne sauƙin gyara. Buɗe bonet ɗin 504, komai a fili yake: kafireto, fulogi huɗu, lagireto, bel ɗin fanka. Makanike yakan kasa kunne ya ji ƙarar inji ya faɗi ciwon. Yaron da ya yi 'yan shekaru a gareji yana iya sauke injin ya mayar. A zamaninta kayan gyara birjik suke a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma saboda 404 da 504 da 505 dangi ne na kusa, sau da yawa abin wata yakan shiga wata. Mota ta mutu a daji, direba da sifana biyu da guntuwar waya sai ya tashe ta. Wannan ilimi ya ciyar da gidaje: makanikai, masu faci, masu walda, masu gyaran bodi, masu ɗinkin kujeru.

505 da 406: jin daɗi ya ƙaru, hannu ya gajarta

A 1979 aka fito da 505. Ta fi faɗi, ta fi shiru, cikinta ya fi ƙawa, a Turai har an yi mata zubin GTI da mai turbo don masu son gudu. A ƙarƙashi kuwa jinin 504 ne. Ita ce ta ƙarshe a motocin zama na gidan da ke tura kanta daga baya. Wani abin lura shi ne, ba ta iya kawar da wadda ta zo gada ba. Turai ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, Kenya ta ci gaba da harhaɗa ta har 2004, Kaduna kuma har 2006, shekara talatin da takwas bayan fitowarta. Zubin ƙarshe da aka fi sani a nan shi ne Bestline. Jimillar 504 da aka ƙera a duniya ta haura miliyan 3.

A fagen tsere ma zamani ya juya. Peugeot ta ci gasar Faris zuwa Dakar sau huɗu a jere: da 205 Turbo 16 a 1987 da 1988, da 405 Turbo 16 a 1989 da 1990, Ari Vatanen ya ci uku, Juha Kankkunen ya ci ɗaya. Gasar ta sha ratsa Nijar, mutanen Agadas sun ga ƙurarta da idonsu. Sai dai waɗannan motoci an ƙera su ne musamman don tsere, inji a tsakiya, tayoyi huɗu duk suna ja. Suna da kamannin waje kawai suka haɗa da waɗanda ake sayarwa. 404 da 504 da suka ci Safari kuwa, motocin kasuwa ne da aka ƙarfafa. Tazarar da ke tsakanin motar gasa da motar talaka a nan ta fara buɗewa.

A 1995 aka fito da 406, wadda ita ma aka harhaɗa a Kaduna, ta kuma sami karɓuwa a Arewa fiye da kowace Fijo ta bayan 504. Injinta a gicciye yake, tayoyin gaba ke jan ta. Injekta ya maye gurbin kafireto, wata 'yar kwamfuta kuma ke lissafa man da iskar da inji zai sha. Ba ta shan mai kamar iyayenta, tana da sanyi, tana kwanciya a kan kwalta, kuma ta fi kāre ran wanda ke ciki idan tsautsayi ya gitta. A 1997 Pininfarina ya sake zana mata Coupé mai ƙofa biyu, jikar waccan ta 1969.

Amma a sauke ta daga kwalta a nufi ƙauye da ita. Cikinta ya fi kusa da ƙasa, kunyar gona ma tana iya taɓa shi. Robar da ke rufe shaf ɗin gaba idan ta yage, yashi ya shiga, sai ƙara ta tashi a kowace kwana. Lodi a baya yana ɗage gaban da ke jan motar. Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, kunnen tsohon makanike ba ya wadatarwa, sai an nemi mai na'urar bincike, sau da yawa sai an dangana da Kano. Motar ta ƙara wayo, mai ita ya rage iko a kanta.

Abin da ya kawar da zakin daga tasha

Ƙira kaɗai ba ta isa ta bayyana ɓacewar Fijo daga tashoshinmu ba. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yan Kwatano suka cika kasuwa, tsofaffin motocin Turai masu araha. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors, a 2012 hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi saboda bashi. A tasha, Golf ta Volkswagen, musamman zubi na uku da ya fito a 1991, ta gaje kujerar wagon, Sharan ta biyo ta. Ita ma Golf 'yar gidan gudu ce, zubinta na GTI ya yi suna tun 1976, amma abin da ya sa direban Rano ya rungume ta shi ne ƙarancin shan mai da arahar kayan gyara. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta lissafin: injin lita biyu mai kafireto ya zama nauyi ga mai neman na cefane.

Gaskiya kuma ta wajaba a faɗa. Tsohuwar wagon ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani, kuma ƙarfinta ya ruɗi direbobi da yawa suka riƙa lodin da ya wuce kima suna gudun da ya wuce hankali. Akwai gidaje a kudancin Kano da har yau suke tuna wanda ya shiga mota bai dawo ba. Duk ci gaban da ya rage irin wannan rashi abin godiya ne. Masu tseren Safari suna da hular kwano da ƙarafan kariya da ƙungiyar makanikai a bayansu. Direban haya da matasan da ke wasa da mota ranar biki ba su da ko ɗaya.

Abin da ya rage a hannunmu

Zakin bai bar Arewa ba. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot, wanda gwamnatocin Kano da Kaduna ke da hannu a ciki, ya fara harhaɗa 301 a sabuwar masana'anta a Kaduna. Tun 2020 kuma Peugeot ta dawo da akori-kura mai suna Landtrek. Tambayar da manomin Kibiya zai yi wa kowace sabuwar mota ita ce wadda kakansa ya yi wa 404: za ta kai ni gona da damina, kuma idan ta tsaya, akwai mai tashinta a garinmu?

Amsar rabin tambayar tana hannun masu ƙira, rabin kuma tana hannunmu. Yaran gareji a Rano da Kibiya suna buƙatar a koya musu wutar mota da aiki da na'urar bincike, kamar yadda iyayen gidansu suka ƙware a kafireto, don kada kowace 'yar matsala ta zama tafiya birni. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi da attajiran yankin, waɗanda wasunsu da harkar mai da sufuri suka yi arziki, suna da halin ɗaukar nauyin wannan.

Sai kuma adana tarihi. A Sochaux akwai gidan tarihi da Peugeot ta buɗe a 1988, inda kowane zubi ke tsaye yana sheƙi. A nan kuwa, 504 ɗin da aka harhaɗa da hannun 'yan Arewa tana ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a yanka a auna a kilo. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya dace a ce ko guda ɗaya, wagon ko akori-kura ƙirar Kaduna, an gyara ta an ajiye a gidan tarihi na Gidan Makama ko a fadar Rano, tare da labarin direbobi da makanikan da suka rayu da ita, tun suna da rai suna iya bayarwa.

Can a tasha, an gama ɗaure buhunan. Yara uku suka sa kafaɗa suka tura, direba ya saki kuloci, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Golf biyu suka wuce ta tun ba a fita gari ba. Ita kuwa ta miƙi hanyar Kibiya a hankali, inda za ta sauka daga kwalta ta bi jar ƙasa zuwa ƙauyen da su ba za su shiga da irin wannan kaya ba.